Wata Ɗaya, Sallah Biyu: Ina Gaskiya Ta Tsaya, Ina Ra'ayi Ya Fara?

Ranar Asabar 30 ga Afrilu, 2022, ta zo daidai da 29 ga Ramadan 1443 a Najeriya da Nijar da Saudiyya. Da daddare hukumomin Nijar suka sanar an ga jinjirin watan Shawwal, aka hau idi ranar Lahadi, kamar yadda aka yi a Mali da Afganistan. Fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato ta ce ba a gani ba, Saudiyya ma haka, aka cika talatin, aka yi Sallah ranar Litinin. Mutumin Maraɗi yana cin tuwon Sallah, ɗan'uwansa na Jibiya, wanda mota za ta kai shi gidansa kafin shayi ya huce, yana fama da ƙishirwar azumi. A cikin Sakkwato kanta an sami waɗanda suka bi Nijar suka yi idinsu ranar Lahadi.

A daren nan kuma wani abu ya faru a can kudancin Amurka. Mutanen Chile da Ajantina sun kalli husufin rana gab da faɗuwarta. Husufin rana ba ya aukuwa sai wata ya gifta tsakanin rana da duniyarmu, wato lokacin da tsohon wata yake ƙarewa sabo yake somawa. Wannan haɗuwa ta faru da misalin ƙarfe 9:28 na dare agogon Najeriya da Nijar, fiye da awa biyu bayan an sha ruwa a Yamai da Damagaram da Kano. Ma'ana, a lokacin da masu duba suka fita bayan magariba, sabon wata bai ma samu ba tukuna.

Duk shekara idan aka zo nan, majalisa kan rabu biyu. Wani ya ce, "Gaskiya ɗaya ce, ko an gani ko ba a gani ba." Wani ya ce, "Kowa da fahimtarsa, ai saɓani rahama ne." Kowanne kuma yana da hujjar da ba a ture ta da ƙafa. Abin da ya sa na zaɓi duban wata don auna bambancin da ke tsakanin gaskiya tabbatacciya da ra'ayin mutum shi ne, da wuya a sami wani al'amari da waɗannan biyun suka cakuɗe a cikinsa har aka kasa rarrabe su kamar wannan.

Masu cewa gaskiya ɗaya ce daga sama suke fara magana. Wata halitta ce mai tafiya bisa ƙa'ida, ba ya jiran sanarwar kowa. Tsakanin haɗuwa da haɗuwa kwana 29 ne da awa 12 da minti 44 a matsakaicin lissafi, shi ya sa wata kan yi 29 ko 30, shekarar Hijira kuma ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11. Kowace awa wata yana nisantar rana da kusan rabin digiri. Wanda ya iya lissafin nan zai gaya maka inda wata zai kasance a sararin Agadas ko Zariya a magaribar kowace rana, kuma ba ya buƙatar ka yarda da shi kafin maganarsa ta tabbata. Hujjarsu mafi kaifi ita ce husufi. Waɗanda suke Gusau da Katsina ranar Laraba 29 ga Maris, 2006, sun ga yadda gari ya yi duhu da hantsi, a ranar da aka ambata da sa'ar da aka ambata tun da daɗewa. An kuma riga an rubuta cewa ranar 20 ga Maris, 2034, inuwar wata za ta ratsa Legas ta wuce Kamaru da Chadi. Idan lissafi ya iya wannan, in ji su, da wane dalili za a ce bai san ko wata ya faɗi kafin rana ba? Suna kuma ƙara tsokana: mutumin da yake ƙaryata lissafi a kan wata shi ne yake duba jadawalin da ke manne a bangon masallaci kafin ya kira sallar asuba, alhali lissafin falaki ne ya fitar da jadawalin.

To masu cewa sun gani fa? Ƙarya suka yi? Ba lallai ba ne, kuma a nan ya kamata mai wannan ra'ayi ya iya bakinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a bayan gari ranar 29 ya san yadda abin yake. Rana ta faɗi, yamma ta yi ja, ƙura ta kwanta a ƙasa-ƙasa, mutane sun yi cirko-cirko da dabino a hannu, kowa ya kafe ido wuri guda har hawaye na zuba. Jinjirin daren farko siriri ne ainun, ba ya daɗewa, kuma yana cikin hasken da bai gama dushewa ba. Sai yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Baba, ga shi can!" Dattijo ya ce, "Ina?" Ya ce, "Saman bishiyar can, ta dama kaɗan." Nan take mutum uku sun gani. Mai yiwuwa wata ne. Mai yiwuwa kuma zaren gajimare ne da rana ta haska daga ƙasa, ko farin layin da jirgin sama ya bari, ko Zara ce ta leƙo ta cikin hazo. Ido ya gaji, zuciya tana son gani, an yi kwana 29 ana azumi. Mutumin kirki, mai salla a sahun farko, yana iya rantsuwa da Alƙur'ani cewa ya gani, kuma bai yi nufin ƙarya ba. Adalcin mai shaida yana kore zargin ƙarya, amma ba ya kore kuskuren ido. Idan kuma aka baza masu duba a garuruwa ɗaruruwa, samun mutum biyu da ido ya yaudara ba abin mamaki ba ne ko da daren da babu komai a sama.

Ɓangaren masu cewa gaskiya ɗaya ce ba 'yan boko kaɗai ba ne, ko da yake haka ake yawan ɗauka. A Mukhtasar na Khalil, wanda almajirai suke bita a zaurukanmu tun kaka da kakanni, an kawo mas'alar adilai biyu da suka shaida ganin wata, aka ɗauki azumi da shaidarsu, aka ƙirga talatin, sama tana garau, amma ba a ga sabon wata ba. Hukuncin shi ne a ƙaryata shaidar tasu. Wato malaman Malikiyya sun yarda akwai abin da ya fi bakin shaidu ƙarfi, shi ne abin da sama ta nuna. Taƙiyyuddin as-Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya yi fatawar cewa idan lissafi ya tabbatar ganin wata ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin lissafin yanke ne, shaida kuwa zato ce mai rinjaye. A 1939 malamin hadisin nan na Masar, Ahmad Muhammad Shakir, ya wuce nan, ya rubuta risala yana goyon bayan a tsayar da farkon wata da lissafi.

Sai dai ɗaya ɓangaren ba a kan jahilci ya ginu ba, kuma wanda ya raina shi bai karanta ba. Tambayarsu ta farko ita ce: wace gaskiyar ake nema? Shari'a ba ta ce a yi azumi idan wata ya haɗu da rana ba. Umarnin da ya zo a hadisi shi ne a ɗauka da gani a ajiye da gani, idan sama ta rufe a cika talatin. Lura da wannan na ƙarshen. Ranar da hadari ya rufe yamma, wata yana iya kasancewa can bayan gajimare, tsaye sosai, amma aka ce a cika talatin. Ashe ke nan ba wanzuwar wata aka rataya wa hukunci ba, ganinsa aka rataya wa. Shihabuddin al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 1285, wanda shi kansa ya san falaki, ya warware tsokanar jadawalin salla tun kafin a yi ta. A littafinsa al-Furuƙ ya bambanta tsakanin biyun: sababin sallar azahar shi ne gushewar rana daga tsaka, ta kowace hanya ka san ta gushe salla ta wajaba, sababin azumi kuwa gani ne, don haka lissafi ba ya tsayawa a madadinsa. Ibn Taimiyya ma ya tsananta wajen ƙin dogaro da lissafi, kuma mafi yawan malaman mazhabobi huɗu a kan gani suka tsaya.

Suna da wata hujjar ta tausayi. Addinin da aka saukar wa makiyayi da manomi da matafiyi bai kamata ranar azuminsa ta zama sirri a hannun tsirarun masana ba. Bafulatanin da ke ruga da mai kanti a birni ido ɗaya suke da shi. Ranar da aka ce sai abin da kwamfuta ta faɗa, an karɓe wani abu daga hannun talaka an miƙa wa wanda ba zai iya tuhuma ba.

Ga kuma labarin Kuraib da Muslim ya ruwaito. Ya je Sham a zamanin Mu'awiya, aka ga watan Ramadan daren Juma'a. Da ya komo Madina, Ibn Abbas ya gaya masa su daren Asabar suka gani, kuma da nasu ganin za su yi aiki. Tun zamanin sahabbai ke nan garuruwa biyu suka saɓa da kwana guda, sama ba ta faɗo ba. Har yau malamai ba su daina muhawara a kan ko ganin wata ƙasa yana hawa kan wata ba, kuma babu na'urar hangen nesa da za ta yanke wannan, domin ba tambayar falaki ba ce.

Hujjar da ta fi ba ni aiki a cikin nasu ita ce wannan: ku masu lissafin, kanku a haɗe yake? A duba abin da ya faru shekara guda bayan Sallar da muka fara da ita. Ranar Alhamis 20 ga Afrilu, 2023, 29 ga Ramadan 1444, an sake yin husufin rana, wannan karon a yammacin Ostareliya da Timor ta Gabas da wani yanki na Indonesiya. Haɗuwar ta faru da ƙarfe 5:12 na asuba agogon Najeriya. Da magariba a Sakkwato sabon wata ya samu, yana sama da inda rana ta faɗi, amma bai cika awa 14 ba, tazararsa da rana kuma tana wajen digiri 7. Wannan shi ne daidai bakin iyakar da masanin falakin Faransa André Danjon ya ambata a shekarun 1930, cewa ƙasa da ita jinjiri ba ya bayyana. Mafi ƙanƙantar watan da masana suka amince an gani da ido tsirara ya kai kusan awa 15 da rabi, da na'ura kuwa an gangaro ƙasa da awa 12 kaɗan.

Me aka yi da waɗannan alƙaluma? Saudiyya da Najeriya suka sanar an gani, aka yi Sallah ranar Juma'a. Maroko da Oman suka cika talatin. Turkiyya, wadda take bin lissafi tsantsa da sharaɗin da taron Istanbul na 1978 ya sa, aka kuma jaddada a 2016, wato tazarar digiri 8 da tsayin digiri 5, ta yi Sallah ranar Juma'a, domin a wurinta ya isa a cika sharaɗin a wani yanki na duniya. Gwamnatin Indonesiya, wadda ita da Maleshiya da Brunei da Singafo suka koma sharaɗin tsayin digiri 3 da tazarar digiri 6.4 a yankinsu, ta ce sai Asabar. A cikin Indonesiyar kuma ƙungiyar Muhammadiyya, wadda a lokacin ya ishe ta a ce an haɗu kafin magariba kuma wata ya faɗi bayan rana, ta hau idi ranar Juma'a. Duk waɗannan ukun da lissafi suke aiki, amma ba su yi Sallah rana ɗaya ba. Don haka mai cewa "a bi kimiyya kawai a huta" bai gaya mana wace za a bi ba.

A nan nake ganin igiyar ta warware, idan aka lura da abin da suka saɓa a kai. Babu ɗaya daga cikinsu da ya yi gardama a kan inda wata yake. Masanin Ankara da na Jakarta da na Rabat alƙalumansu ɗaya ne. Saɓaninsu a kan inda za a ja layi ne: digiri nawa ya isa, ganin ido ko na na'ura, ganin garinmu ko na ko'ina. Kamar hatsi ne da mudu. Yawan geron da ke cikin buhu abu ɗaya ne ko a wace kasuwa aka sauke shi, amma girman mudun da za a auna shi yarjejeniyar 'yan kasuwa ce, kuma mudun wannan gari ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Tambayar "ina wata yake da magaribar Asabar?" amsarta ɗaya ce, ko mun so ko mun ƙi. Tambayar "da wane sharaɗi za mu ajiye azumi?" ta malamai ce da shugabanni, kuma mutanen kirki suna iya saɓawa a kanta har tashin duniya.

Kowane ɓangare yana yin ɓarna ne idan ya tsallaka gonar ɗayan. Masu "kowa da fahimtarsa" suna da gaskiya a kan 2023, amma suna so su shimfiɗa wannan tabarmar har ta rufe 2022, kuma ba ta kai ba. Hujjar al-Ƙarafi ta ce hukunci yana rataye da gani. Ba ta ce duk wanda ya ce ya gani ya gani ba. Kafin a yi maganar ko gani ya wajabta Sallah, sai an tabbatar ganin ya auku, kuma ba a ganin abin da babu shi. Labarin Kuraib ma bai taimake su ba a nan. Sham da Madina sun saɓa a kan watan da ke sama, wasu suka riga wasu gani. Ba don ina ɗan wani gefen iyaka nake faɗin haka ba. Najeriya ba ta da bakin yi wa kowa gori, domin ita ma an sha karɓar irin wannan shaida a shekarun baya, kafin kwamitin duban wata na ƙasa ya fara sa masana falaki cikin aikinsa yana kuma tsananta tantancewa.

Masu "gaskiya ɗaya ce" kuwa kuskurensu girman kai ne. Sukan ɗauki "da wuya a gani" su mayar da shi "ba zai yiwu ba", alhali tsakanin biyun akwai tafiya. Iyakar Danjon da adadin awannin da aka ambata daga tarin abin da masu duba suka gani aka ciro su, ba ƙa'ida ba ce irin ta lokacin husufi, kuma masana sun sha yi musu gyara. Tsabtar iska, tsayin wuri, kaifin idon mai duba, duk suna taka rawa. Wanda ya hau Facebook daren Sallah yana kiran dattawan wani ƙauye maƙaryata saboda wata manhaja a wayarsa ta nuna masa launin "da wuya", shi ma ra'ayinsa yake sayarwa da sunan kimiyya. Mafi muni shi ne wanda zai ce azumin miliyoyin mutane ya ɓaci. Wannan fatawa ce, kuma sanin falaki bai ba kowa izinin bayar da ita ba.

Saura tambayar da ta fi damun mai sauraron rediyo a daren 29: idan shugaba ya sanar, ni kuma ina da dalilin shakka, me zan yi? Abin da malamai da yawa suka tafi a kai shi ne a bi jama'a da shugaba, domin Sallah ibada ce ta taro, kuma hukuncin shugaba yana yanke saɓani a aikace. Na gamsu da wannan. Amma yanke saɓani daban, sauya abin da ya faru daban. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wani yana iya fin wani iya baki a yanke masa hukunci, kuma hukuncin ba zai halatta masa haƙƙin ɗan'uwansa ba. Idan hukuncin da ya fito daga majalisar Annabi mai daraja bai mayar da abin da ba haka ba ya zama haka ba, sanarwar wani kwamiti ba za ta ɗaga wata daga ƙarƙashin ƙasa ba. Mutum yana iya sa sabuwar riga ya bi liman ranar da aka sanar, ibadarsa ta inganta, kuma ya ce a fili, cikin ladabi, an yi kuskure a tantance shaida, a gyara baɗi. Biyayya ba ta buƙatar ya ƙaryata abin da ya sani.

Hukuncina ke nan: matsayin as-Subki ya fi kusa da daidai. A bar gani a matsayinsa na sababi, kamar yadda mafi yawan malamanmu suka tsaya, amma a sa lissafi ya tsare ƙofa. Daren da wata ya riga rana faɗuwa, ko haɗuwa ba ta auku ba, kada a karɓi shaidar kowa, kome adalcinsa, kuma a sanar da jama'a tun kafin ranar don kada a sa dattijo ya yi rantsuwa a banza. Daren da wata yake sama amma siriri, a saurari mai shaida da mutunci, a kuma tambaye shi kamar yadda alƙalin kirki zai yi: "Malam, da ƙarfe nawa ka gani? Ta dama da inda rana ta faɗi ko ta hagu? Ƙahonninsa ina suka fuskanta? Ya daɗe kafin ya ɓace?" Wanda ya ga wata amsarsa za ta dace da lissafi, wanda ya ga gajimare za a gane ba tare da an ci masa fuska ba. Abin da ya rage bayan wannan, na ganin ido ko na'ura, na bin Makka ko tsayawa a kan ganin gida, a bar wa malamai su yi ta muhawara, ra'ayi ne kuma wurinsa ke nan.

Kwamitocin duban wata na Najeriya da Nijar, ku da kuke duban sama ɗaya daga Sakkwato da Ƙonni, ku zauna ku amince a kan wannan mataki na farko ko da kun saɓa a kan sauran. Kai kuma mai karatu, kafin ka tura saƙon "an ga wata" a WhatsApp a daren 29 mai zuwa, ka nemi sanin ƙarfe nawa wata ya faɗi a garin da aka ce an gan shi.